Fuskar da Baba Ya Sani

Ranar da na je filin jirgin Dubai tarbar Yaya, saura ƙiris in wuce ta. Ba wai na manta kamannin 'yar'uwata ba ne, Allah ya sawwaƙe, ai kusan kullum muna ganin juna a waya. Amma Yaya ta iya riƙon waya: ta ɗaga ta sama, ta fuskanci taga, ta ja mayafi ya rufe haɓa. A fili kuwa sai ga wata dattijuwa tana turo keken kaya a hankali, kumatunta sun saki, naman ya gangaro ya taru a gefen muƙamuƙi hagu da dama. Tsagar fuskarta ce ta tsayar da ni. Ita ma tsagar ta bi naman ta karkata ƙasa, amma tana nan, kuma ba mai irinta a duk jama'ar da suka sauko daga jirgin.

"Auta, kallon me kike min haka? Karɓi jakar nan, kafaɗata ta gaji."

Na karɓa, na rungume ta, na ce ta yi kyau. Ta ce ƙarya dai ba kyau.

Mu Gobirawa ne, ko da yake a Kano aka haife mu. Baba ne ya baro ƙasar Gobir yana saurayi, fatauci ya kawo shi, ya yi aure ya zauna. Yaya ce 'yar fari, saboda haka tun tana jaririya aka kira wanzami ya yi mata tsagar gida irin ta Baba, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, daga gefen baki su bazu su nufi kunne. Maza biyu da suka biyo ta su ma an yi musu, duka sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Kafin a zo kaina Inna ta gaji da kukan jarirai, ta ce ba mai ƙara sa wa ɗanta aska a fuska. Aka yi rigima, ta ci. Haka na tashi da fuska sumul, har ina yanga da ita. Yaran unguwa kan tsokani Yaya wai kyanwa ce ta yakushe ta, ita kuma ta damƙi na kusa ta ba shi kashi.

Yanzu Baba ya haura casa'in. Idonsa ya yi yana, tunaninsa ya tafi da kaɗan-kaɗan, sunaye suka fara zubewa, fuskoki suka bi baya. Abu ɗaya ne ya rage masa. In mutum ya shiga ɗakinsa sai ya ce, "Matso," ya miƙo hannu ya lalubi kuncinsa da babban yatsa, daga gefen baki zuwa kunne. In ya ji tsaga sai ya saki jiki ya ce namu ne. In bai ji ba, sai ya gyara zama, ya daidaita hularsa, ya shiga gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙo. Baba kuwa mutum ne mai kunyar baƙi. Ba ya cin abinci a gabansu, ba ya karɓar magani a hannunsu. A duk gidan, da 'ya'ya da jikoki, Yaya kaɗai ta rage mai tsaga. Ita ke ba shi abinci, ita ke ba shi magani, ko wanka sai ta riƙe hannunsa ta ce wannan yaron nata ne kafin ya yarda jikansa ya taɓa shi. "Uwata" yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Zuwana gida na ƙarshe, na durƙusa gabansa, ya shafa kuncina, ya janye hannu, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. A kawo wa baƙuwa ruwa." Aka kawo. Na sha, na zagaya bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Daga ranar ban ƙara shiga ɗakin na daɗe ba, har hutuna ya ƙare na dawo.

A nan Dubai nake aiki, a wani ofishin kago da ke Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Aikina mutanenmu ne: 'yan Kano da Katsina da Sakkwato su sari kaya su kawo mana, mu auna, mu ɗaure, mu loda a kwantena ko a jirgin sama, su kuma su yi ta kirana suna tambayar yaushe zai iso, sai ka ce ni ke tuƙa jirgin ruwan. Da can Yaya tana cikinsu, tana zuwa sarin abaya da mayafai da turare. Tun da Baba ya rikice ta daina, ni nake saya mata in aika. Wannan karon ta kafe sai ta zo da kanta. Ta bar wa babbar 'yarta Baba, a kan za ta riƙa niƙa maganin a cikin kunu, ta ajiye masa ta fita. Wani lokacin yana sha, wani lokacin a tarar da kwanon yadda aka ajiye shi.

Washegari na nemi hutun rabin yini don in raka ta kasuwa. Na soya ƙwai, na haɗa shayi mai kauri a ɗan ɗakina na Abu Hail, ina ta ba ta labarin sababbin yadikan da suka shigo. Ko tambayar farashi ba ta yi ba.

"Auta, ki kai ni wajen masu ɗaga fuska."

Na ajiye kofi. "Masu me?"

"Kin ji ni sarai."

Wai wata ƙawarta 'yar kasuwa ce ta zo bara aka sa mata zare a kumatu, ta koma Kano kamar ƙanwar kanta. Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Yaya, ko wani Alhaji ne ya fito ba a gaya mana ba?" Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce bakina dai ko Dubai bai gyara shi ba, in tashi in nemo mata wajen, kuma likita mace take so.

Ban ga aibun abin ba a lokacin. A garin nan gyaran fuska ba abin ɓoyewa ba ne. Matan ofishinmu, Larabawa da 'yan Indiya da 'yan Filifin, suna zancen allurar fuska a kan abincin rana kamar yadda muke zancen lalle. Ni kaina akwai safiyar da nake sa yatsu biyu a gefen kunne in ja fatar sama, in kalli yarinyar da na taɓa zama, in saki. Na dai tambaye ta ko ta yi tunanin masu cewa canza halitta ne. Ta ce ta tambayi malaminta, kuma abin da ya ce tsakaninta da shi ne. Na tashi na nemo mata wajen.

Asibitin yana tsallaken ruwa, a wani dogon bene, ko'ina gilas da sanyi da ƙamshin lemo. Likitar Balarabiya ce 'yar ƙasar Sham, ba za ka iya cewa ga shekarunta ba, wanda ina jin shi ne tallar sana'arta. Ta zaunar da Yaya a ƙarƙashin fitila, ta ba ta madubi ta riƙe. Ni na tsaya a gefe ina tafinta, don Yaya ba ta jin Turanci sai na ciniki, Larabcinta kuma bai wuce kam da khalas ba, wato nawa ne da shi ke nan.

Likitar ta yi bayani a natse, ba ta yi mana daɗin baki ba, wannan na yaba mata. Ta ce abin da ke faruwa shi ne kitsen kumatu yana zamewa ƙasa, fata tana rasa ƙarfinta, ƙashin muƙamuƙi ma yana ɗan raguwa, sai naman ya rasa abin jingina. Akwai na'ura mai zafi da ake gogawa a bi layin muƙamuƙi, tana shiga can ƙarƙashin fata ta sa ta ɗan tsuke. Ba yanka, ba kwanciya, amma sai an yi watanni kafin a ga bambanci, kuma bambancin kaɗan ne. Akwai allurar da ake cika saman kumatu da gefen haɓa da ita, ba ta ɗaga komai sosai, sai dai ta daidaita layin don kada ido ya ga zubewar, kuma jiki yana shanye ta, sai an maimaita. Sai zaren da ƙawar Yaya ta yi, mai ƙananan ƙayoyi, a zura shi ƙarƙashin fata a ja sama. Nan take ake gani, amma shi ma narkewa yake, kuma a kwanakin farko ba dariya da ƙarfi, ba cin nama mai tauri, ba goge fuska da ƙarfi ko a alwala.

"Ba dariya?" in ji Yaya. "Wannan mai sauƙi ne."

Na ƙarshe shi ne aiki. A yanka ta gaban kunne, a ɗaga naman, a yanke rarar fatar, a ɗinke. Likitar ta ce ga wadda kumatunta suka sauko kamar na Yaya, shi kaɗai ne zai yi abin da take so ya kuma daɗe, amma tiyata ce ta gaske, da barci da kumburi da jinya. Ta sa yatsu ta ɗaga kuncin Yaya biyu ta ce ta duba. Yaya ta duba. Wallahi Yayata ta lokacin da take raka ni makaranta na gani a madubin. Likitar ta saki, naman ya koma inda yake.

Daga nan ta matso da fitilar ta bi tsagar da yatsa. Ta tambaya cikin taushin murya ko haɗari ne, ko wani ne ya yi mata haka.

Nan take na ji raina ya ɓaci. Na ce ba haɗari ba ne, ba kuma duka ba ne, shaidar gida ce, da gangan aka yi, da biki aka yi. Ta ba da haƙuri, ta ce ba ta taɓa ganin irinta kusa da kusa ba. Sannan ta ce dole ta faɗa mana gaskiya: in an yi aikin, layukan za su ja sama su miƙe, ƙarshen wasu zai tafi da fatar da za a yanke. In zare ne, fatar da ke da tabo tana iya tattarewa. Amma in Yaya tana so, akwai wata na'urar haske da ake kira leza, ana bin tabo da ita zama bayan zama. Ba za ta ɓace wa ido gaba ɗaya ba, tsohon yanka ne mai zurfi, amma za ta kwanta ta yi laushi har in an shafa da kyar a ji.

Na tsaya ban fassara ba. Ɗan jim ne kawai, amma Yaya ta san ni tun ina tsumma.

"Me ta ce? Kada ki kuskura ki cinye min rabin magana."

Na faɗa mata duka, kalma ba ta faɗi ƙasa ba. Ta sake duba madubin. Sai ta ce, "Tambaye ta. In an shafa da yatsa, ba za a ji ba?"

Na tambaya. Likitar ta ce kusan haka.

"To a sa min rana."

Ban yi magana a cikin asibitin ba, don ba na son a ce baƙaƙen nan sun zo suna hayaniya. Na haɗiye har muka sauko, muka hau mota, muka isa bakin ruwa, muka shiga abra, ɗan jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane zuwa Deira, ɓangaren da nake zaune. La'asar ce, zafi kamar a bakin murhu, mun matsu tsakanin wasu 'yan Pakistan da buhunan kayansu. A nan na fashe.

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Ke kin ce kumatu, kumatu muka zo gyarawa. Ina ruwan tsaga? In Baba ya shafa bai ji ba fa? Wa zai ba shi abinci? Wa zai ba shi magani? So kike ya mutu da yunwa a tsakiyar 'ya'yansa?"

Yaya ta kau da kai. Tana kallon jiragen katako da ake lodawa a gaɓa, firji a kan firji, taya a kan taya. Ni kuwa in na fara ba na iya tsayawa. Na ce mace mai jikoki, me za ta yi da santsin fuska, kabari take jira ko ɗakin amarya. Wannan maganar ta yi nauyi, na ji nauyinta tun kafin ta gama fita. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, "Shwaiya, shwaiya, sista," wato in yi a hankali, bai san ko me nake cewa ba. Yaya ta gyara mayafinta ta ce mu sauka, mun iso.

Muna shiga ɗaki 'yarta ta kira. Baba bai sha komai ba tun safe, ya ture kwanon, yana ta tambayar ina Uwata. Aka kara masa wayar a kunne. Yaya ta yi ta magana, "Baba, ni ce, ka sha kunun, ina nan dawowa." Muna jin shi yana cewa wace ce wannan, a gaya mata matar gidan ba ta nan. Murya ba ta isarsa, sai ya taɓa.

Da aka kashe wayar Yaya ta zauna a bakin katifa, ta cire mayafi, ta shafa gwiwoyinta. Na ɗauka faɗa za ta yi min. Da ma faɗan ta yi.

"Auta, rabona da in zauna a gidan biki har a watse, na manta. Aminiyata ta rasu, wadda muka yi talla tare muna yara, ban samu zaman makokinta ba, leƙawa na yi na fito don lokacin maganinsa ya yi. In na shiga wanka ana buga min ƙofa. In na kwanta zazzaɓi, a kan ƙafata nake jinya. Ran nan na kai shi asibiti, na shiga banɗaki, na ga wata tsohuwa a madubi, na yi mata sannu a zuciyata kafin in gane ni ce. Ban san lokacin da na tsufa ba, ba wanda ya gaya min. Kumatun nan da gaske ina so a ɗaga min su, ba ƙarya na yi miki ba."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ke ya ba ki ruwan baƙi, kin yi kuka, kin hau jirgi. Ni kuwa ko sau ɗaya nake so ya ba ni ruwan nan, in sha, in gaishe shi, in tafi gidana in kwanta."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi. Ina ta aika keken guragu da man zafi da dabino, ina ganin na sauke nawa, ban taɓa tambayar kaina me ake ji in kai kaɗai aka sani ba. Ni abin da ke cina shi ne Baba ya manta ni. Ashe akwai wadda abin da ke cinta shi ne ya ƙi manta ta.

Ranar da aka sa mata muka koma. Likitar ta shigo da fara'a, ta sa safar hannu, ta tambayi Yaya ko ta shirya. Yaya ta ce in tambaye ta wani abu tukuna.

"Ce mata, tunda ta iya gogewa, ko ta iya yi? Ta duba tawa da kyau ta yi wa ƙanwata irinta. Shida da bakwai."

Na dube ta. Fuskarta ba alamar wasa. Na fassara. Likitar ta yi dariya, ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ga ba mai taya ta, ta daina. Ta ce a'a, habibti, wato masoyiya, ba za ta iya yanka lafiyayyar fuska ba, ko ta so doka ba za ta bar ta ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kaina. Ina tsaye, hannuna ya tafi kuncina, ina lissafin ko zafin zai kai yadda nake tsammani, da abin da zan ce wa mutanen ofis. Da likitar ta ce to, ban san abin da zan yi ba, amma ba na jin da gudu zan fita.

Na roƙi likitar ta ba mu wuri. Na ce, "Yaya, ga makullin ɗakina. Ki zauna har bizarki ta ƙare. Ki yi barci, ki je bakin teku, ki ci abin da kike so. Fuskarki taki ce, ki yi yadda kika ga dama da ita, ba zan ƙara cewa uffan ba. Ni zan je wajen Baba."

"Ba zai ci a hannunki ba."

"Sai in gwada."

"In ya ƙi fa?"

"Sai in sake gwadawa. Ai taurin kan gado ne, ba ke kaɗai aka bar wa ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce a gaya wa likitar a ɗaga maganar leza, sai ta ji daga gare ni. Maigidan ofishinmu ya yi ƙorafi, lokacin lodi ne, mutanenmu sun cika gari. Na ce masa mahaifina ne. Ya ɗaga hannu ya ce yalla, wato in tafi, Allah ya ba shi lafiya.

Na isa Kano da hantsi. Ɗakin Baba yana nan yadda na bar shi, ƙamshin man zafi da tsohuwar darduma. Ya rame ƙwarai. 'Yar Yaya ta miƙo min kwanon kunu daga bakin ƙofa ta koma, idonta duk ya faɗa. Na yi sallama na durƙusa.

"Matso."

Na matsa. Yatsan ya bi kuncina daga gefen baki zuwa kunne, ya dawo, ya sake bi. Ya janye hannu, ya gyara hula.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. An zo lafiya? Ya hanya? Daga ina?"

Wancan karon a nan na tashi. Wannan karon na zauna sosai na naɗe ƙafa, na ce, "Daga Dubai, Baba."

Ya ɗaga kai. "Dubai? Ikon Allah. Ina da 'ya a can. Autata." Ya rage murya. "Ba a yi mata tsaga ba, uwarta ce ta hana. Shi ne abin da ke damuna. In ta ɓata a can, ba wanda zai duba fuskarta ya ce ga gidansu. Kin san ta?"

Na ce, "Na san ta."

"Tana lafiya? Ana ba ta abinci?"

"Lafiyarta ƙalau. Ita ce ma ta aiko ni. Ta ce in ba ka kunun nan da hannuna, in tsaya sai ka sha. In na koma ban ba ka ba, faɗa za ta yi min."

Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Inna na da rai. "Ai za ta yi. Faɗa gare ta tun tana ƙarama." Baba bai taɓa mayar da ɗan aike da saƙonsa ba, a wajensa wannan cin fuskar wanda ya aiko ne. Kunyar baƙi da kunyar aike suka yi ta ja a fuskarsa, ina kallo. Sai ya ce bismillah, ya buɗe baki.

Na fito tsakar gida na kira Yaya. Na ce ya sha.

"Duka?"

"Rabi. Da maganin a ciki."

Na ji ta ja numfashi mai tsawo. Ta ce tana bakin teku, ta cire takalmi, ruwan da ɗumi. Bayan kwana biyu ta je aka yi mata na'urar zafin a layin muƙamuƙi, aka ɗan cika mata gefen haɓa da allura. Tsagar ta ce a bar mata kayanta. Kumatun sun ɗan tashi, ba sosai ba, wanda bai sani ba cewa zai yi hutu ne ya karɓe ta. Maganar tiyata kuwa ta ce tana nan, ba ta fasa ba, sai ranar da Allah ya nufa.

Na yi sauran hutuna a ɗakin nan. Kullum da safe sai ya shafa, ya gyara hula, ya tambaye ni daga ina. Kullum in ce daga Dubai, autarsa ce ta aiko ni. In ba shi labarinta yana ci: ɗakinta, aikinta, jirgin katakon da take hawa, yadda take yi wa 'yan kasuwa tsawa. Wata rana ya cinye, wata rana cokali kaɗan. Kafin in tafi na koya wa 'yar Yaya ta ce ita ma 'yar aike ce, kuma ya karɓa a hannunta.

Ranar da zan koma, Yaya ta riga ta dawo, na shiga yi masa sallama. Na ce yau zan koma Dubai, ko yana da saƙo. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ki ce mata na gode da aike. Amma ki ce ta zo da kanta. Ki ce na tsufa, ina so in gan ta."

Na ce zan faɗa mata.